Kai Kare Bakin Teku Bayan Jama'a Sun Watse: Tambayoyi da Amsoshi

Duk garin da ke cin abinci da masu zuwa bakin teku yana da fuska biyu. Akwai watannin da ba ka ganin rairayi saboda laima da kujeru, akwai kuma watannin da aka kwashe komai aka kulle, ya rage daga iska sai tsuntsaye. Masu karnuka wannan na biyun suke jira, ni ma haka. Ban san abin da ya kai ganin kare ya samu fili ya zuba a guje a kan jiƙaƙƙen rairayi daɗi ba. Sai dai ranar da jama'a suka watse, masu tsaron masu iyo ma sun tafi, ƙaramin ɗakin ba da agaji yana kulle, wanda zai hango ka daga nesa ya yi maka ihu ba ya nan. Aikin da mutum goma suke yi a lokacin cunkoso ya dawo kanka kai kaɗai. Yawancin amsoshin da ke ƙasa daga nan suka taso.

Yaushe ne ma ake cewa lokacin baƙi ya wuce?

Ya danganta da inda gaɓar take. A Turai da Arewacin Amurka, daga Yuni zuwa Agusta ake cika, daga Oktoba zuwa Afrilu kuwa wuri ya yi tsit. A Ostareliya da Afirka ta Kudu da Ajantina abin a juye yake, Disamba da Janairu ne kasuwa ke ci. A ƙasashe masu zafi ba sanyi ke korar mutane ba, ruwan sama ne da guguwa. A tsibiran Karebiyan, alal misali, lokacin guguwar Tekun Atilantika yana kamawa daga 1 ga Yuni har 30 ga Nuwamba.

Idan za a bi ta tawa, makonnin da ke biye da watsewar jama'a sun fi waɗanda ke gaban zuwansu. Dalili shi ne teku ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin sakinsa. A arewacin duniya ruwan ya fi ɗumi wajen ƙarshen Agusta da Satumba, ya fi sanyi a Fabrairu da Maris. Rana mai haske a Afrilu tana yaudarar mutum: iska ta yi ɗumi, ruwa kuwa har yanzu na hunturu ne.

Tunda babu kowa, ke nan zan iya sakin karena ko'ina?

A'a. Rashin jama'a daban, izinin doka daban. Gaskiya ne wurare da yawa suna sassautawa. A Ingila gaɓoɓi masu yawa suna hana karnuka daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba, su buɗe sauran watanni. Wasu a Yuli da Agusta kawai suke hanawa, kuma da rana kaɗai. Amma irin wannan doka galibi ta ƙaramar hukuma ce, ba ta ƙasa baki ɗaya ba, saboda haka gaɓa biyu da ke maƙwabtaka suna iya bambanta. Wata gaɓar ma rabi an yarda, rabi an hana. Akwai inda aka yarda kare ya shiga amma da igiya a wuya duk shekara, akwai wuraren kare namun daji da ba a yarda ba ko da wane wata ne.

Ka duba shafin hukumar garin kafin ka tashi, ka kuma karanta allon da ke bakin shiga idan ka isa. In suka saɓa, allon za ka bi. Kada ka dogara da abin da wani ya rubuta shekara uku da suka wuce, ana sauya ranakun.

Ta yaya zan samu masaukin da zai karɓe mu?

A wannan lokaci ya fi sauƙi, domin ɗakuna a buɗe suke. Amma kada ka tsaya ga alamar da ke cewa ana karɓar dabbobi, ka kira ka yi tambaya dalla-dalla. Wane girman kare suke karɓa? Guda nawa? Za a iya barinsa shi kaɗai a ɗaki? Da yawa ba su yarda ba, kuma wannan yana nufin duk inda za ka, ƙafarka ƙafarsa. Akwai famfo a waje da za a ɗauraye shi? Idan akwai tsakar gida, katangar a rufe take ko akwai kafa? Ka kuma tambaya abin da ke buɗe a garin, don wasu garuruwan kusan rufewa suke yi gaba ɗaya.

Tambayar da ta fi duk waɗannan, wadda mutane suka fi mantawa: ina asibitin dabbobi mafi kusa da ke aiki da dare da ranakun hutu? Ka samo lambarsa, ka san tsawon tafiyar, ka rubuta a takarda ba a waya kaɗai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan zan tsallaka iyaka da shi fa?

Wannan shiri ne na watanni. Tarayyar Turai tana buƙatar a sa wa kare ɗan maikurocip, wato ƙaramar na'ura mai ɗauke da lambar shaidarsa, a ƙarƙashin fata, sannan a yi masa allurar rigakafin haukan kare bayan ya kai mako 12 da haihuwa, a jira kwana 21 kafin tafiya. Dole maikurocip ya riga allura, in aka juya sai a sake. Wanda zai taso daga ƙasar da ba a amince da yanayin cutar a cikinta ba, sai an ɗebi jinin karen a gwada, sannan a jira wata 3. Birtaniya da Ayalan da Finlan da Malta da Norwe suna ƙara sharaɗin likita ya ba shi maganin tsutsar ciki tsakanin awa 24 zuwa 120 kafin shiga. Amurka, tun 1 ga Agusta 2024, ba ta karɓar kare sai ya kai wata 6 yana kuma ɗauke da maikurocip. Ostareliya galibi tana killace shi aƙalla kwana 10. Don hutun mako guda, sau da yawa gaɓar da mota za ta kai ka ta fi wa karen alheri.

Me ya sa ake ta nanata maganar cikar teku da janyewarsa?

Saboda ita ce take kama masu yawo da karnuka, kuma a lokacin da babu mai gargaɗi.

A yawancin gaɓoɓin duniya teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu cikin kusan awa 24 da minti 50. Tsakanin janyewa da cika akwai awa 6 da 'yan mintoci, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Ma'ana, wurin da ka taka a bushe jiya da ƙarfe huɗu ba lallai ya zama a bushe jibi da ƙarfe huɗu ba. Wata ne ke jan ragamar abin, rana na taya shi. Kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar sabon wata, da bayan cikarsa, ruwa yana janyewa nesa fiye da kullum, ya kuma dawo sama fiye da kullum. Ranar da rairayi ya fi faɗi da ban sha'awa, ita ce ranar da ruwa zai fi dawowa da gudu.

Kuma ba a hankali ɗaya yake hawa ba. Awa ta farko kaɗan yake ƙaruwa, har mutum ya saki jiki. A awa ta uku da ta huɗu kuwa, rabin duk hawan da zai yi a nan yake yinsa. A gaɓa mai shimfiɗe ba ta gabanka yake zuwa ba. Ƙananan kwaruruka da ke bayanka yake fara cikawa, kana can kana jefa wa kare ƙwallo, ka waiwaya ka tarar kana kan tsibiri. Haka gaɓar da ke ƙarƙashin tsauni: ka zagaya wani hancin dutse da ƙafa, bayan awa guda hanyar komawa ta nutse, ba kuma wurin hawa.

Bambancin wuri da wuri babba ne. A Bahar Rum hawan ba ya kai rabin mita a mafi yawan wurare. A mashigin Fandi na Kanada yana kai mita 16. A mashigin Mokam na Ingila, inda rairayin ke haɗiye ƙafa, sama da mutum 20 masu tsintar ƙwanso suka rasa rayukansu a daren 5 ga Fabrairu 2004, ruwa ya rutsa da su nesa da tudu. Wanda ya saba da teku mai laushi ya je irin wannan wuri da sabonsa, ya ɗauko wa kansa babban hatsari.

Abin yi ba wuya. Ka duba jadawalin cikar teku na ainihin gaɓar, na ainihin ranar. Ka fita yawo mai nisa lokacin da ruwa ke janyewa, ka juyo tun bai fara dawowa ba. Ka haɗa da lokacin faɗuwar rana, domin a hunturun ƙasashen arewa ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara.

Idan igiyar ruwa ta ja karena, in bi shi?

Kada ka bi shi. Na san wannan magana ce mai nauyi ga wanda ya ɗauki karensa ɗan gida, amma ba ni da wata amsar. Masu aikin ceto a teku, irin su RNLI ta Birtaniya da Ayalan, sun daɗe suna faɗin haka, domin labari ɗaya ke maimaituwa: kare ya faɗa, mai shi ya bi, kare ya fito da kansa can gaba, mai shi bai fito ba.

Kare yana da ƙafa huɗu da gashi, jikinsa kuma a kwance yake bisa ruwa. Kai kuwa kana sanye da rigar sanyi da takalmi. Ruwan da bai kai digiri 15 na ma'aunin Salshiyas ba yana fizge numfashin mutum nan take, ya riƙa jan iska ba da sonsa ba, a nan ake shaƙar ruwa tun kafin a yi iyo ko ɗaya. Bayan 'yan mintoci hannu ya daina riƙo. Gwanin iyo bai tsira daga wannan ba.

Ka tsaya a tudu, ka matsa zuwa inda fita ke da sauƙi, ka kira sunansa daga can don ya nufo ka. Ka buga lambar gaggawa ka nemi masu tsaron gaɓa: 112 a Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada, 000 a Ostareliya. Kada ka ji nauyin kira don kare ne, sun fi son a kira su da a shiga. Haka idan ya zamo daga tsauni ko ya maƙale a laka.

Idan kai ruwa ya ja, ka kwanta rigingine ka buɗe hannuwa har numfashi ya daidaita. Igiyar da ke komawa cikin teku ta wani siririn layi tana iya fin kowane mai iyo sauri, ba a yin gaba da gaba da ita. Gefe ake ratsewa, a bi tsawon gaɓa har a fita daga layinta.

Ai duk kare ya iya iyo, ko ba haka ba?

Ba haka ba ne. Masu gajeren hanci, irin su buldog da fog, ba sa iya ɗaga hanci sama da ruwa ba tare da ƙugu ya nutse ba. Masu gajerun ƙafafu da dogon jiki suna saurin gajiya. Ko wanda ya saba da tafki, igiyar teku sabon abu ce gare shi. Rigar iyo ta karnuka mai mariƙi a baya tana da amfani ƙwarai. A ranar da teku ya fusata kuwa, ka bar ƙwallo a aljihu. Karen da ke son ɗauko abu zai bi shi duk inda ka jefa, ba ya auna ruwa, kai ya amince wa.

Ya sha ruwan teku. Abin damuwa ne?

Kurɓi ɗaya ko biyu, abin da zai biyo baya bai wuce zawo ba. Mai yawa kuwa guba ne. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, wato kusan ninki huɗu na abin da ke cikin jini. Idan ya yi yawa a ciki, sai ya janyo ruwan jiki zuwa hanji, ga zawo da amai. Idan gishirin ya hau cikin jini, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke rasa ruwa. Alamomin su ne kasala, tangaɗi, rawar jiki, ruɗewa, daga ƙarshe farfaɗiya. Da ka ga ɗaya daga cikin waɗannan bayan wasa a teku, asibiti kai tsaye. Kada ka ɗura masa ruwa da yawa a lokaci ɗaya da niyyar wanke ciki. Saukar da gishirin jini da gaggawa yana kumbura ƙwaƙwalwa, shi ya sa likita a hankali yake yi.

Yawanci ba da gangan kare ke sha ba, a garin cafko ƙwallo ne baki a buɗe. Kuma sanyin gari yana sa mai shi ya manta da ƙishirwa. Kare yana bukatar kusan mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, mai kilo 20 ya kai lita guda ko fiye ke nan tun kafin ya yi gudu. Ka riƙe gora da ɗan kwano, ka riƙa miƙa masa duk bayan minti 15 ko 20. Wanda ya ƙoshi da ruwan daɗi ba ya neman na gishiri.

Rairayi fa? Na ga yana cika masa baki.

Jiƙaƙƙen ƙwallo mai gashi-gashi yana kwasar rairayi, kare yana haɗiya kaɗan-kaɗan, haka in yana tono da baki. Idan ya taru yana toshe hanji kamar siminti. Amai, ƙin cin abinci, nishi ba kashi, ciki mai ciwo, daga 'yan awanni zuwa kwana biyu bayan dawowa, duk alamu ne. Ƙwallon roba mai santsi ya fi.

Me teku ke watsowa da ya kamata in hana shi taɓawa?

Nan ne wannan lokaci ya fi lokacin cunkoso hatsari nesa ba kusa ba. Guguwa ta fi yawa, masu share gaɓa sun daina zuwa, duk abin da teku ya amayar yana nan a layi ɗaya, kuma wannan layin hancin kare yake bi.

Matattun kifi da kaguwa da tauraron teku su ne na farko. A farkon 2018, bayan guguwa a gabashin Ingila, karnuka da dama sun kamu da ciwo, wasu suka mutu, bayan cin irin waɗannan, gwaji kuma ya nuna gubar nan mai shanye jiki da wasu ƙananan tsirran ruwa ke samarwa. A tekuna masu ɗumi akwai talibambam, wanda gubarsa ba ta mutuwa don kifin ya mutu ko ya bushe, kuma babu makarinta. Masunta sukan yar da shi a gaɓa. A gaɓar Fulorida akwai jan ruwa, wato yaɗuwar wata gansakuka mai guba, wadda ta taɓa daɗewa daga ƙarshen 2017 har farkon 2019. Kumfar da ke bakin ruwa a irin wannan lokaci ma ba a bari kare ya lasa.

Tsuntsun da ya mutu ko yake layi, kada kare ya kusance shi, kai ma kada ka taɓa. Murar tsuntsaye ta H5N1 ta kashe tsuntsayen teku masu ɗimbin yawa a Turai a 2022, ta kuma tsallaka ga dabbobin teku masu shayarwa a gaɓar Kudancin Amurka a 2023. Ka sanar da hukuma, ka wuce.

Jelifish, halittar nan mai kama da leda cike da ruwa, tana harbi ko bayan ta mutu. Idan ta harbe shi, ka ɗauraye da ruwan teku, ba ruwan daɗi ba, domin ruwan daɗi yana tayar da sauran ƙayoyin da ba su fashe ba. Ka cire zaren da safar hannu ko da gefen kati, kada ka goga. In a baki ne, ko fuska ta fara kumbura, sai likita.

Akwai kuma dunƙulen kitse fari ko rawaya, mai kama da kakin zuma, da ke fitowa daga wankin tankunan jiragen ruwa. Karnuka suna son warinsa, yana kuma sa amai da zawo, har da kumburin pankiriyas, sashen cikin da ke taimakawa wajen narka kitse. Busasshiyar ciyawar teku tana kumbura a ciki. Ƙugiyar masunta da ragowar tsutsa a jiki ita ce wadda na fi tsoro. Idan ya haɗiye, zare na leƙowa daga baki, kada ka ja, kada ka yanke shi gajere. Ka ɗaure bakin zaren a abin wuyansa sako-sako, ku tafi asibiti.

Duk wannan dogon jeri, horo ɗaya ne maganinsa: kare ya san kalmar "bari", ya kuma saki abin da ke bakinsa idan an ce ya saki. Wanda bai iya ba, a riƙe shi da doguwar igiya mai mita 5 ko 10, a kuma yi tafiya a jiƙaƙƙen rairayi nesa da layin tarkace. Wanda ba ya jin magana sam a kan abin ci, takunkumin baki mai raga ba zalunci ba ne, yana iya haki da shan ruwa da shi.

An yi ruwan sama mai yawa jiya. Zai iya shiga yau?

Gara a jira kwana biyu ko uku, musamman kusa da bakin kogi ko magudana. Ruwan sama yana kwaso ƙazantar gari da ta gonaki ya zuba a teku, kuma a ƙasashe da yawa gwajin tsabtar ruwa a lokacin wanka kaɗai ake yi. Kududdufan da ke bayan gaɓa suna iya ɗauke da cutar fitsarin ɓera, wadda ke lalata ƙoda da hanta. Akwai allurar rigakafinta, ka tambayi likitanku kafin tafiya.

Mene ne laifi idan ya kori tsuntsaye? Ai ba kama su yake yi ba.

Wannan tambaya tana yi mini ciwo, domin masu yinta ba mugaye ba ne, ba su sani ba ne. Gaɓar da muke gani fayau ba fayau take ba. Lokacin da muka tafi, shi ne lokacin da masu ita suka dawo.

Ƙananan tsuntsayen nan da ke bin bakin ruwa suna caccakar laka, da yawansu daga can ƙuryar arewacin duniya suka taso, tafiyar dubban kilomita. A 2022 an bi sawun wani ɗan tsuntsu mai dogon baki da ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai Tasmaniya ta Ostareliya, sama da kilomita 13,000 cikin kwana 11. Irin waɗannan ba sa samun abinci sai ruwa ya janye, ga yini gajere, ga sanyi. Duk lokacin da kare ya tashe su, sun ƙona kitsen da suke tarawa, sun kuma rasa lokacin ci. Karenka sau ɗaya ya yi, amma kai ne mutum na ashirin a ranar. A wurin tsuntsu babu bambanci tsakanin kare mai wasa da dila.

Daga Maris kuma wasu sun fara ƙwai, ba a kan bishiya ba, a ɗan rami cikin rairayi, ƙwan launinsa ɗaya da tsakuwa. Uwa ta tashi, ƙwai ya huce ko hankaka ya ɗauke. Inda ka ga an kewaye da igiya da turaku, dalilin ke nan.

Dabbar teku da ake kira sil, mai toka-toka, a kaka da hunturu take haihuwa a gaɓoɓin Birtaniya, a Nofok da ke gabashin Ingila daga Nuwamba zuwa Janairu. Jaririn yana shan nono kusan mako 3 kacal, a cikinsu zai tara kitsen da zai rayu da shi. Idan aka firgita uwar tana iya barinsa, shi ke nan. Kuma sil tana cizo, cizon yana ruɓewa. A Amurka shawarar hukuma ita ce a ba su tazarar aƙalla mita 45. A gaɓoɓi masu ɗumi kuwa kunkurun teku ke binne ƙwai, su yi kusan wata 2 a cikin rairayi, kare kuma gwanin tono ne.

Ba cewa nake kada a saki kare ba. Ka duba gaba kafin ka kwance igiya. In ka hango garke, ka ɗaure, ka zagaye su ta nesa, ka sake shi can gaba.

Sanyi zai iya yi masa illa? Ga gashi a jikinsa.

Busasshen gashi ke hana sanyi, jiƙaƙƙe ba ya yi. Ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, idan kuma ya fito iskar teku ta ƙarasa. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39. Kwikwiyo, tsoho, ƙaramin kare da maras kitse su suka fi saurin galabaita. Karkarwa, ɗaga dagi, takurewa, neman a ɗauke shi: lokacin tafiya ya yi. A goge shi da tawul, a rufa masa wani busasshe, a shiga mota.

Wani lokaci washegari sai ka ga jelarsa ta saki, tana lilo, ba ya son a taɓa gindinta. Gajiyar tsoka ce da iyo a ruwan sanyi ke kawowa, tana warkewa cikin 'yan kwanaki. A kai shi likita ya tabbatar, kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, ibufurofen musamman yana lalata masa ciki da ƙoda.

A ƙasashe masu zafi matsalar a juye take, ko a damina. Kare da haki yake huce jiki, iska mai laima kuma tana rage amfanin hakin. Ka ɗora bayan hannunka a rairayi, in ba ka iya jurewa ba, shi ma daginsa ba zai iya ba.

Kaska da ƙwari ba su tafi hutu ba?

Kaska tana nan a ciyayin tudun rairayi duk ranar da gari ya ɗan yi ɗumi. A kewayen Bahar Rum, ƙaramin ƙudan rairayi mai yaɗa cutar leshmaniya yana yawo daga wajen Mayu har Oktoba, saboda haka farkon kaka bai fita daga lokacinsa ba. A kudancin Turai kuma, daga ƙarshen hunturu zuwa Afrilu, wata tsutsa mai gashi tana saukowa daga bishiyoyin fayin, masu ganye kamar allura, da ke bayan gaɓa, a jere kamar zare. Kare ya lasa, harshe ya kumbura, wani sashe yana iya ruɓewa. A wanke baki da ruwa mai yawa ba tare da gogawa ba, a garzaya asibiti.

Kashinsa fa, ba teku zai wanke ba?

Ka kwashe. Binnewa a rairayi ba kwashewa ba ce. Ƙwan tsutsar ciki yana daɗewa da rai a ƙasa, yaran da za su zo tono bayan watanni su za su gamu da shi. A gaɓoɓi masu zafi wata tsutsar tana huda fatar ƙafar mutum ta yi ta yawo a ƙarƙashinta. Kwandunan shara ma sau da yawa an kwashe su, don haka ka zo da abin da za ka saka ledar har ka samu wurin zubarwa. Dokokin da ke hana karnuka shiga, yawancinsu daga ƙorafi a kan wannan suka samo asali.

Me zan saka a jaka?

Ruwa da kwano, gajeriyar igiya da doguwa, tawul biyu, leda, abincin da ya saba, shimfiɗarsa, maganinsa in yana sha, takardar allurarsa. Ɗan ƙarfe a wuya mai lambar wayar da ke hannunka, ba ta gida ba. Ƙaramar fitila a abin wuya da tocila a hannunka saboda duhu da hazo. Bandeji, domin ƙwanso da fasasshiyar kwalba suna yanka dagi, kuma dagi yana zubar da jini sosai. Ka kuma gaya wa wani inda za ka da lokacin da za ka dawo, don ƙarƙashin tsaunuka sau da yawa waya ba ta kamawa.

Idan mun dawo masauki, me zan yi masa?

Ka ɗauraye shi da ruwan daɗi mai ɗumi-ɗumi, ba sai da sabulu kullum ba. Gishiri idan ya bushe yana sa ƙaiƙayi, yana kuma lashe shi. Ka buɗa tsakanin yatsun dagi, nan rairayi ke maƙalewa ya goge fata. Ka cire abin wuya ka wanke ƙarƙashinsa. Ka goge kunne da kyau, musamman mai faɗaɗɗen kunne, don danshi a ciki ke kawo ruɓar kunne. Ka shafa jikinsa da hannu kana neman kaska da rauni. Ka bari numfashinsa ya kwanta kafin abinci, kada kuma a fita gudu da cikakken ciki, musamman manyan karnuka masu zurfin ƙirji da cikinsu ke iya murɗewa.

Daga nan ka sa masa ido har washegari. Barci mai nauyi bayan yini a rairayi ba komai ba ne. Wanda ka kira bai ɗaga kai ba, ko ya yi amai fiye da sau biyu, ko ya ƙi ruwa, ka ɗauko takardar nan da ka rubuta lambar asibiti.